Katangar da Ba Ta Jira Injiniya Ba

Mainasara ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidansa, ya ɗaga hannu zai nuna wa baƙuwarsa inda katanga ta faɗi, sai ya tarar katangar tana tsaye.

Ya sauke hannun a hankali. Ya dubi darbejiyar ƙofar gida, ita ce. Ya dubi fasasshen turmin da matarsa ta hana a faskara, shi ne. Can gangare ga tafkin Kainji, ya cika ya hau gonakin shinkafar mutane, yadda ya bar shi. Komai na Wara yana inda ya san shi. Katangar ce kawai ya bari a kwance, ya dawo ya same ta a miƙe, da sabon bulo, har da shafen siminti da bai gama shan iska ba.

"Baba, nan ne?" in ji Grace, injiniyar da kamfanin inshora ya turo daga Birnin Kebbi. Ta sauko daga nata babur, ta gyara jakar kayan aikinta a kafaɗa.

"Nan ne," in ji Mainasara. Ya sake dubawa. "Ina jin nan ne."

"Ina katangar da ta rushe?"

"Ita ce wannan."

Grace ta dube shi, ta dubi katangar, ta sake dubansa irin duban da ma'aikatan asibiti ke yi wa tsohon da ya manta abin da ya kawo shi.

A duk unguwar bakin ruwa Mainasara kaɗai ke da inshorar gida. Tun da ya yi ritaya daga aikin akawu ya shiga, kuma bai ɓoye ba. A majalisar gindin darbejiya ya sha yi wa masunta da manoma bayani cewa zamani ya wuce wurin da mutum zai zauna yana jiran taimakon jama'a. Suna saurare, suna gyaɗa kai, in ya tashi su yi dariya. Shi ya sa da asubar da ruwa ya kwantar da katangarsa ta gefen hanya, ya fito ya tsaya a kan ɓaraguzan, ya yi salati kamar kowa, amma a ƙasan ransa akwai wani abu mai kama da murna. Ranar da zai nuna musu ta zo. Kamfani zai biya, a gina katanga da kuɗin takarda, kowa ya gani da idonsa.

Kafin ya kama hanyar Yelwa ya tara matarsa Zulai'atu da maƙwabcinsa Yohanna, ya ce musu, "Kada kowa ya taɓa komai. Don Allah kada ku wahalar da kanku."

"Mun ji, Malam," in ji Yohanna. "Allah shi kiyaye hanya."

A ofishin kamfanin da ke Yelwa, wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da busasshen kifi, wakilinsu Sani ya ce ba a biyan diyya sai an duba, kuma duban iri biyu ne.

"Akwai duban tsaye, akwai duban ƙwaƙwaf."

"Mi ya raba su?"

"Na tsaye, ɗaya daga cikin ma'aikatanmu ya bi ka yau ɗin nan, ya ɗauki hoto, ya dawo. Bai wuce kuɗin kaza ɗaya ba. Na ƙwaƙwaf kuwa injiniya ce za ta taso daga Birnin Kebbi da na'urori. Shi sai dai a yi maganar rago."

"Da wanne ake biyan diyya?"

"Da kowanne."

"To mi ya sa ɗaya ya fi tsada?"

"Ya fi gani."

"Katanga ce ta faɗi, Sani. Mi ya rage a gani?"

Sani ya jingina da kujera ya yi murmushi. "Ai shi ya sa talakawa ke ɗaukar na tsaye. Amma mutum irinka, wanda ya yi aikin gwamnati, ya san takarda..."

Bai ƙarasa ba, ba ya ma bukata. Namijin da ya haura hamsin zai iya jure yunwa, amma ba zai jure a gan shi yana zaɓen na araha a gaban yaro ba. Ban da haka, Mainasara ya yi wani lissafi nasa na tsohon akawu: idon da aka biya da tsada dole ya ga ɓarna mai tsada. Nan take ya kira mahauci a Wara ya je ya kwance ragon da ke ɗaure a bayan ɗaki. Ya sauka gidan ƙanensa a Yelwa yana jiran injiniya, don ya rako ta da kansa, mutane su gan su tare. Kullum Sani ya ce gobe. Ya kira gida sau ɗaya, Zulai'atu ta ce lafiya lau suke, shi kuma bai tambayi katanga ba. Wa ke tambayar lafiyar katangar da ta riga ta faɗi?

Yanzu ga shi da injiniya, ga katanga.

"Malam! Barka da dawowa!"

Yohanna ne ya fito daga gidansa, yana goge hannu da gefen riga, akwai sauran ɓawon kifi a yatsunsa. Shekarunsa sun yi na Mainasara, sun girma tare a bakin ruwan nan. Fuskarsa cike da fara'ar mutumin da ya daɗe yana jiran a gode masa.

"Yohanna, mi ke nan?"

"Katanga ce, Malam."

"Na ga katanga ce. Wa ya gina ta?"

"Mu munka gina ta. Ranar Lahadi, muna fitowa coci. Liman ya kawo yashi da amalanke, 'yan kwale-kwale sunka ɗebo ruwa, mai shago ya ba da siminti. Kafin la'asar katanga ta kai wuya."

"Bulon fa?"

Yohanna ya kawar da kai. "Wanga da na ajiye na ɗakin ɗana Andrew. Aurensa ai sai bayan girbi."

Mainasara ya dafe kai. "Amma ban ce kada ku taɓa komai ba? Ban ce kada ku wahalar da kanku ba?"

"Ka ce mana."

"To?"

"To, ai kowa haka yake cewa." Yohanna ya juya ga Grace don ta shaida. "Ɗiyata, ke kin taɓa ganin mai mutunci ya buɗe baki ya ce a zo a yi mashi gayya? Lokacin da rufina ya yaye, ni ma cewa na yi kada kowa ya zo. Shi wanga da kike gani, shi ya fara hawa tsani."

Gaskiya ne, kuma wannan ya fi ɓata wa Mainasara rai.

Suka shiga gida. Zulai'atu ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta kawo ruwa. Mainasara ya ja ta gefe.

"Ke ma ba ki fahimce ni ba?"

"Na fahimce ka sarai. Amma makewayi a buɗe yake ga duk mai wucewa. Sai na rataya zani nake wanka. Awakin unguwa sun cinye mini kuɓewa. Maza sun zo da cebur, in tare su in ce mi? In ce maigidana ya fi son ta a kwance?"

"Eh! Haka za ki ce!"

"To ka fita ka faɗa masu da bakinka. Ga su nan suna taruwa."

Daga ƙofar ɗakinta Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo tana jan carbi. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa. "Kai wanga, ka yi wa mutane ban gajiya kuwa? Ko birni ya hana ka?"

Grace ta ajiye kofin ruwa ta fito da ƙaramar kwamfutarta. "Baba, bari mu bi abin a hankali. Ni aikina in ga ɓarna in rubuta. Ina ɓaraguzan tsohuwar katangar?"

"Mun cike ramin da ke hanyar masallaci da su," in ji Yohanna daga zaure. "Har an bi ta kai da mota."

"Akwai wanda ya ɗauki hoto?"

"Akwai!" in ji Zulai'atu. Ta shiga ɗaki da sauri ta fito da wayarta.

Zuciyar Mainasara ta dawo mazauninta. Ya matso kusa, Grace ta karɓi wayar. Hoto ne mai kyau ƙwarai. Maza sun zauna a jere sun kewaye tiren shinkafa da kifi, kowa na dariya, Liman ya ɗaga cokali. A bayansu sabuwar katanga ce, tsaye cak.

"Na kafin a gina fa?" in ji Grace.

"Wa zai ɗauki hoton abin kunya?" in ji Zulai'atu.

Grace ta mayar mata da wayar. Ta juya ga Mainasara. "Baba, na yarda da kai. Siminti ɗanye ne, ko makaho ya shafa zai sani. Zan rubuta cewa na tarar da sabon gini, kuma maƙwabta sun ce tsohon ya faɗi. Amma ban ga faɗuwa ba, ban ga abin da ya kayar da ita ba. Kamfani ba ya biyan katangar da ke tsaye."

"Ashe da na ɗauki duban tsaye..."

"Da an zo ranar, an same ta a ƙasa."

"Na kaza."

"Na kaza," in ji ta, cikin tausayi. Ta miƙe ta buɗe jakarta. "Amma tunda na ƙwaƙwaf ka biya, bari in yi maka aikinka."

"Wane aiki? Ba kin ce babu ɓarna ba?"

"Duk gidan ake dubawa. Yana cikin farashin."

Mainasara ya so ya ce ya yafe, amma ya tuna ragon. Mutum ba ya sayar da rago ya bar naman a faranti.

Ba ta yi ha'inci ba, wannan kam ko a gaban alƙali zai faɗa. Ta fara da zaure. Ta manna wata na'ura mai kama da wayar hannu a jikin bango, na'urar ta yi ƙara. Ta matsa gaba, ta sake yin ƙara. A ɗakinsa ta yi ta ƙara ba tsayawa, har Inna ta tambaya ko kiran baƙuwar ake yi.

"Mi take cewa?" in ji Mainasara.

"Danshi. Bangon nan ya sha ruwa har ƙugu." Ta ja kabad gefe, ta nuna wani layi mai ruwan ƙasa da ya bi bangon. "Ruwa ya taɓa shigowa nan?"

"Tafki kan kawo ziyara. Ba kowace shekara ba."

"Ba a rubuta a rahoton farko ba, na lokacin da ka shiga inshora."

"Wanda ya zo duban farko bai sauka daga babur ba. Zulai'atu ta tafi kawo mashi ruwa, kafin ta fito ya kai kwanar kasuwa."

Grace ta rubuta. Duk lokacin da ya buɗe baki sai ta rubuta, har ya fara zargin cewa bakinsa ma yana cikin abin da ake dubawa. Ta bi wayar lantarki da ido har inda aka haɗa ta da leda. Ta auna tazarar masai da rijiya, ta girgiza kai. Ta nemi tsani, Yohanna ya kawo nasa da gudu. Ta hau, ta ɗaga silin, ta soka sukurdireba a katakon rufi. Ƙarfen ya shige kamar cikin gurasa, gari ya zubo a kan hular Mainasara.

"Gara," in ji ta daga sama. "Ta cinye rabi."

"Wannan ɓarna ce ai," in ji shi, da ɗan fata. "Rubuta. Za a biya wannan?"

"A'a, Baba. Wannan rashin kulawa ne."

"To in rufin ya faɗo?"

"Da ban gani ba, wataƙila a biya. Yanzu na gani."

Ya cire hular ya kakkaɓe. Ya yi shekaru yana aikin takarda, ya san yadda ake juya magana, amma wannan ya wuce saninsa. Abin da ya faɗi ba za a biya ba domin ba a gani ba. Abin da zai faɗi ba za a biya ba domin an gani. Ya nemi inda mutum zai tsaya tsakanin biyun, bai samu ba.

Ya zame ya bi ta bayan makewayi ya kira Sani.

"Sun gina? Kai, Malam, mutanenku akwai kirki." Sani na tauna wani abu. "To ai da sauƙi. Siminti bai kama ba. Ka ture ta mana, ta ɗauki hoto."

"In ture?"

"Ni ban ce komai ba. Layin ba kyau."

Mainasara ya sa wayar a aljihu. Ga katangar a gabansa, ta ciki, inda ba kowa. Ya dube ta. Ya tuna ragonsa, ya tuna dariyar gindin darbejiya, ya tuna shekarun da ya yi yana biyan kamfani. Ya tuna bulon Andrew kuma, sai ya gaya wa kansa cewa in kamfani ya biya ai zai saya wa yaron sabo, har da ƙari. Da wannan hujjar ya naɗe hannun riga. Ya waiga hagu da dama, ya ɗora tafukansa a kan simintin mai sanyi, ya tura.

Katangar ba ta san ana yi ba.

Ya gyara tsayuwa, ya sa kafaɗa, ya tura har takalminsa ya zame a laka. Wani abu ya yi ƙara, amma a gadon bayansa ne.

"Yauwa, Malam! Tura da ƙarfi!"

Ya ɗago. Yohanna na kan tsani, kansa ya leƙo ta saman rufi, bakinsa har kunne. "Gwada ta da kyau, kada ka ji kunyarmu! Ku zo ku gani, Malam na gwada aikinmu!"

Kafin Mainasara ya miƙe, mutanen zaure sun zagayo: Liman, mai shago, 'yan kwale-kwale biyu. Suka tsaya suna kallo da alfahari. Liman ya ce a ƙara hannu don Malam ya samu natsuwa. Suka jeru su duka suka sa kafaɗa, Mainasara a tsakiya, suka tura tare da kabbara. Katangar ta tsaya yadda take. Suka saki suna haki suna tafawa.

"Ƙafa uku munka haƙa tushe," in ji Yohanna yana saukowa. "Na ce masu Malam mutumin takarda ne, sai ya bincika."

Grace na tsaye a bakin makewayi da kwamfutarta. Mainasara bai san tun yaushe take wurin ba. Ta dubi simintin da ya shafe masa kafaɗa, ta dubi fuskarsa, kuma a karon farko tun safe ba ta rubuta komai ba. Ta zo ta tsaya a gaban katangar. Ta ɗora ma'auni, ta ƙwanƙwasa nan da can da ƙaramar guduma.

"Wa ya ja igiyar ginin nan?"

"Ni," in ji Yohanna.

"Ta miƙe sosai."

Yohanna ya sunkuyar da kai kamar ango.

A zaure ta yi wa Mainasara bayani a hankali, don kada sauran su ji, amma zauren Wara ba ya riƙe magana. Diyyar katanga babu. Rahoton zai tafi Birnin Kebbi, kuma idan lokacin sabuntawa ya yi, ko dai kuɗin shekara ya hau, ko kamfani ya ce sai an gyara rufi da wayar wuta kafin ya sake karɓar gidan.

"Yanzu a duk gidan nan," in ji Mainasara, "ba abin da ya ci jarrabawa?"

Ta duba rubutunta daga sama har ƙasa, don ba ta son ta zalunce shi. "Katangar," in ji ta.

Ta ƙi karɓar kuɗin babur, ta karɓi ƙullin busasshen kifin da Zulai'atu ta tura mata a jaka. Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, Inna ta sa mata albarka, ta ce yarinyar kirki ce, ta share musu yanar gizo-gizon silin. Mainasara ya raka ta har darbejiya, ya tsaya yana kallon babur ɗin har ya sha kwana. Ya lissafa abin da ya saya da ragonsa: yanzu ya san sunan ciwon kowane lungu na gidansa.

Yohanna ya zo ya tsaya kusa da shi. Suka zuba wa tafki ido, inda wani kwale-kwale ke ratsa wurin da gonar wani take a watan jiya.

"Na ga katakon rufin nan da idona," in ji Yohanna. "Ba ya kai ƙarshen damina. Kuma saitin gadon Inna ne."

"Na sani."

"Akwai giginya biyu da na sare bara, suna nan bayan gida. Liman ya ce Asabar ba ya da ɗaurin aure."

Mainasara ya buɗe baki. Yana da jawabi a shirye, wanda ya sha yi a gindin bishiyar nan, na zamani da tsari da takarda. Ya dubi katangar. Akwai sawun tafukansa guda biyu a jikin simintin ta ciki, ya san za su bushe a haka. Ya tuna kuma babu ragon da zai yanka wa masu aiki, sai dai Zulai'atu ta sake dafa kifi.

Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya.

"Yohanna, don Allah kada ku wahalar da kanku."

"Mun ji, Malam," in ji Yohanna.